Hular da ta Faɗi a Hanyar Dogarawa

Tun da fari ku sani hular ba ta yage ba. Ta faɗi cikin rairayi, wani ya ɗauka ya kaɗe ta, aka wanke ta da sabulu, aka kife ta a kan ƙwarya ta bushe. Amma saboda hular nan aka tashi rushe aurena, dattawa masu furfura suka zauna suna girgiza kai kamar an yi kisan kai. Masu rubuto mini cewa babba babba ne, mace ita ke haƙuri, na gode, na karanta. Ku ma ku karanta wannan, sannan ku faɗa mini wanda ya kamata ya yi haƙurin.

Sunana Sahiya. A shekarar 2007 ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a Birnin Konni, na haura arba'in, mijina ya daɗe da rasuwa. Ina zaune a sashen baya na gidan yayana, Alhaji Wakili, ni da ɗana Nazifi. Yaya Wakili mai motocin haya ne, a tasha in ya yi tari sai an ce masa sannu. Shi ya riƙe mu tun rasuwar, shi ya sa yaron a makaranta, ba na musun wannan ko a gaban alƙali.

Nazifi ɗan farina ne, kun san abin da ke nan. Tun da aka raɗa masa suna ban taɓa kiransa da shi ba. Kai, zo nan. Kai, ɗauko mini alli. Shi kuma Madam yake ce mini kamar sauran 'yan lakwal. Na yi karatu, na koya wa yara ɗaruruwa cewa ƙasa ce ke zagaya rana, amma sunan ɗan da na haifa ya fi ƙarfin bakina, don kada matan unguwa su ce ba ni da kunya.

Mai nemana kuwa Alkasum ne, mai muƙamin Ajidan, babban 'yan pompiye, sojojin nan masu jar mota da ke kashe gobara suna ciro mutane daga motar da ta yi hatsari. Mutumin Agadas ne, matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata duk suna ɗakunansu. Na fara ganinsa ran da ya zo lakwal nuna wa yara abin da ake yi in wuta ta kama riga. Ƙaton mutum da kakinsa da galan muƙaminsa a kafaɗa ya kwanta a tsakar fili ya yi ta birgima, yara na dariya har da riƙe ciki. Na ce a raina, namijin da ba ya tsoron a yi masa dariya ya cancanci a ba shi kujera. Daga nan ya fara zuwa ƙofar gida bayan la'asar. Mesajinsa a salula kamar rahoton jandarma: na iso lafiya, ki ci abinci. In kati ya ƙare sai ya yi mini bip, ya kira ya katse, in yi masa bip, a haka muke gaisawa. Abokansa suka kawo goro, Yaya ya karɓa, ya ce soja na amma shina da hankali. Aka sa rana bayan damina.

Sai ga ranar da ta ɓata komai. Nazifi za shi Maraɗi, ya shiga pijon Yaya wadda Mato ke tuƙawa. Mato direban Yaya ne tun suna samari, tare suka kwana a hanya, tare suka ci a kwano ɗaya kafin ɗaya ya zama Alhaji. Da hantsi ina tankaɗe gari aka bugo wa Yaya, taya ta fashe bayan Malbaza, kusa da Dogarawa. Ban san lokacin da na shiga motarsa ba. Zanen aikin gida ne a jikina, hannuna fari fat da gari, mayafin ma na Hajiya Amina matar Yaya na fizga a igiya. Ina cikin motar na buga wa Alkasum. Ya ce suna hanya, ya ce kada a taɓa kowa. Na faɗa wa Yaya, ya yi kamar da gilashin mota nake magana.

Mun riga jar motar isa. Pijon ta gangara ta rungumi itacen gawo ta gefen fasinja, ta karkace, tayoyin gefe ɗaya a sama. Na baya duk sun fito da ƙafafunsu, masu jini a goshi, masu riƙe da hannu. Jarkokin esansi, wato fetur, da aka ɗaure a but sun fashe, wari har cikin maƙogwaro. Saura mutum biyu a gaba. Nazifi a gefen itacen, gaban motar ya nannaɗe ya danne masa ƙafafu. Mato a mazauninsa, idonsa biyu, yana ta faɗin wuyana, wuyana.

Ga abin da na gani, ku riƙe shi. Ƙofar Mato a buɗe take. Silifas ɗinsa ya suɓule, ƙafarsa ta hagu tana lalubensa a ƙasan mota, babban yatsan yana neman maɗaurin. Tana motsi. Da idona na gani.

Yaya ya tattare babbar rigarsa ya ce a kama. Shi ya riƙe hammata, wasu suka riƙe ƙafafu, suka jawo Mato kamar buhun albasa, kansa na lilo. Aka zaunar da shi a gindin wani itace, aka jingina shi, aka kwara masa ruwa a kai, aka ɗura masa a baki, Yaya na jijjiga kafaɗarsa yana ce masa ya yi salati. Duk cikin ƙauna aka yi wannan, kuma wannan ne ke ƙona mini rai. Babu mugu ko ɗaya a wurin. Mato ya dubi ƙasa ya ce a hankali, "Alhaji, ina ƙahwahuna?" Yaya ya ce ga su nan, firgita ce.

Wa ya koya mana cewa ruwa maganin komai ne? Wanda ya suma, ruwa. Wanda ya karye, ruwa. Wa ya koya mana cewa wanda ya fi saurin fizgo mutum shi ya fi tausayi? Kowa ya gada, ba wanda ya tambaya. Ni kaina mai wannan surutun, kofin ruwa ne a hannuna ina neman ta inda zan miƙa wa ɗana.

Suka koma kan Nazifi. Wani mai kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya, aka ɗaura igiya a jikin pijon za a fizge ta daga itacen. Yaya ya zura jiki ta ƙofar direba ya kama hannuwan yaron yana ja, yaron na wani irin kuka da ban taɓa ji a bakin mutum ba. Ana cikin haka jar motar ta iso.

Alkasum bai yi sallama ba. Wannan ma an lissafa masa daga baya. Ya diro tun motar ba ta gama tsayawa ba, ya fizge sigari daga bakin wani ɗan kallo ya murje ta cikin tafin hannunsa, ya daka wa mai kamyo tsawa ya kashe inji. Ya ce wa Yaya ya saki yaron. Yaya ya ce ɗansa ne. Ya sake faɗa, Yaya ya ƙara ja. Sai Alkasum ya kama shi ta baya ya fito da shi, ya sa tafin hannu a ƙirjinsa ya tura. Yaya ya yi taga-taga, bai faɗi ba, hular ce ta faɗi. Mutanen tasha da suka biyo mu suka zare ido, sai ka ce sama ta tsage. Alkasum ya juyo kaina, ya buge kofin daga hannuna. Ko kallon sani bai yi mini ba.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma ina da ido, na ga abin da 'yan pompiyen suka yi. Ba su taɓa yaron ba tukuna. Suka watsa rairayi a kan esansin, ɗaya ya tsaya da tulun kashe wuta a hannu, ɗaya ya cire wayar batir. Suka cusa guntayen katako a ƙarƙashin motar ta kowane gefe har ta daina rawa, don ashe duk girgizar da take yi ƙarfen ƙara nutsewa yake cikin naman yaron. Mutane suka fara gunaguni, soja na wasa da rai, yaro na mutuwa suna jera itace kamar masu girki.

Nazifi na ta juya kai yana neman tserewa, ya ƙi yarda da hannun kowa. Alkasum ya dube ni ya ce in shiga ta baya. Na tattare zane har gwiwa a gaban maza, na rarrafa kan kujerar baya cikin fasassun gilasai. Ya kama hannuwana masu gari ya ɗora su a kumatun yaron, yatsu a bayan kunne, ya ce in riƙe kan daidai yadda yake, ko motar za ta kama wuta kada in bari ya waiwaya.

Ya ce, "Ki yi masa magana, kada ya yi barci. Kira sunansa."

Na ce, "Kai. Kai, buɗe ido."

"Madam, sunansa na ce."

Bakina ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Idon yaron na lumshewa. Na ce, "Nazifi." Sai ya buɗe ido. Ya ce, "Inna." Ba Madam ba. Na yi ta faɗa, Nazifi, Nazifi, na biya bashin duk shekarun da na hana kaina, har muryata ta dushe, kuma kowa na ji.

Suka sa masa abin tallafe wuya, suka lulluɓe mu da bargo ni da shi saboda tartsatsin gilashi. Cikin duhun bargon ina jin almakashin ƙarfe na cin ginshiƙan motar, ƙas, ƙas, ina jin numfashin ɗana a tafin hannuna. Suka naɗe rufin baya kamar murfin gwangwani. Da haske ya dawo sai na ga sun kafa jak tsakanin kujera da gaban motar, amma ba su ɗaga ba sai da malamin asibitin da ya zo tare da su ya sa wa yaron ƙarin ruwa a jijiya. Daga baya Alkasum ya bayyana mini cewa ƙafar da ƙarfe ya daɗe da dannewa, in aka sake ta farat ɗaya, tana iya tafiya da ran mai ita. Ruwan kofi kuwa, mai rauni yana iya shaƙewa da shi, kuma likita mai fiɗa yana son ciki wayam. Suka ɗaga a hankali, suka zura katako a bayansa, suka zaro shi ta sama a miƙe, kai da wuya da baya kamar sanda ɗaya, hannuna bai bar kansa ba sai da aka ɗaure shi.

An riga an kwantar da Mato a wani katakon. Na ga Alkasum ya tsuguna, ya matsa masa yatsan ƙafa, ya tambaye shi ko ya ji. Ya matsa gwiwa. Mato bai ji ko ɗaya ba.

Nazifi ya rayu. Ƙafar dama ta gajarce kaɗan, ya dawo gida da sandar dogarawa, amma da ƙafafunsa ya shigo zaure. Mato bai sake tsayuwa ba. Daga ƙirji zuwa ƙasa babu labari. Matarsa Tsahara ke juya shi a kan tabarma, ita ke wanke shi, mace 'yar firit da ko tulu sai an ɗora mata. Yaya ya ɗauki cin gidan da shansu, buhun gero bai taɓa yankewa ba. Amma bai iya zama a ɗakin Mato, daga bakin ƙofa yake gaisuwa ya juya.

Ina jiran a ce wa Alkasum an gode. Abin da aka aika masa shi ne goronsa, sabo aka saya aka mayar, da saƙon cewa gidan Wakili ba ya haɗa zuri'a da mai dukan surukai. Hajiya Amina ta shigo ɗakina da kwanon fura, ta zauna a bakin gado tana gyara ɗaurin kallabi, ta ce ai ni ma na taimaka wa abin, mace da girmanta ta kwaye ƙafa gaban maza tana ƙwala sunan ɗan fari kamar mai tallar nono. Na tambaye ta, da in kira sunansa yana raye da in ji ana faɗar sunan a wurin zaman makoki, wanne ya fi kunya. Ta ɗauki furarta ta fita, ta ce boko ta cinye ni.

A tasha kuwa labari ya juye. Wai da an bar Alhaji da tuni ya ciro yaron ba tare da ɗingishi ba, jinkirin soja ne ya gajarta ƙafar. In aka zo kan Mato sai kowa ya ce ƙaddara. Ni musulma ce, na san abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure. Amma ban taɓa jin inda aka hana mu koyon yadda ake ɗaga mai karyayyen wuya ba. Abin mamaki, ƙafar Nazifi laifin mutum ce, bayan Mato kuwa ƙaddara.

Ana cikin bakansi, hutun lakwal, aka yi wa Alkasum afektasiyo, canjin wurin aiki, zuwa Diffa, ƙarshen ƙasa. In ya tafi ba a ɗaura ba, shi ke nan, mu ba yara ba ne da za mu yi ta bip har tsufa ya ƙarasa mu. Na yafa mayafi na tafi wurin limamin unguwarmu. Na tambaye shi tambaya ɗaya: bazawara mai baligin ɗa, wa ya fi cancanta ya ba da aurenta, ɗan ko yayanta? Ya yi tari, ya gyara rawani, ya duba tabarma. Ya ce a littafi ɗan ne gaba, amma ba a yi, abin kunya ne. Na ce na gode, littafin na zo tambaya. Ban faɗa wa kowa ba. Yaron a hannun kawunsa ya tashi, ban so in sa shi tsaka mai wuya.

Liman dai ya shiga tsakani. Yaya ya yarda a kan sharaɗi: Alkasum ya zo zaure ya ba da haƙuri a gaban mutanen da suka ga faɗuwar hular. Na rubuta masa mesaji mai tsawo har salular ta raba shi kashi-kashi, na ce kada ya zo, bai yi laifin komai ba, in ya durƙusa na raina shi. Amsarsa ta zo: hannuna ya taɓa ƙirjin dattijo, zan zo.

Ranar na yi wanka na sa atamfata mai ruwan goro, na ɗaura kallabi, na tsaya a bayan ƙyauren da ke tsakanin zaure da cikin gida. Akwatunana kuwa tun safe na jawo su daga ƙarƙashin gado, don na san yayana. Zaure ya cika bayan la'asar, direbobi, 'yan kamasho, liman a gefe. Alkasum ya zo cikin farar shadda ba kaki ba, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsuguna nesa da tabarmar Yaya. Mutumin da ke ba sojoji oda ya sunkuyar da kai kamar ɗan aji ɗaya. Ya ajiye sabuwar hula cikin leda, ya tura ta gaba. Ya ce ya sa hannu a jikin wanda ya girme shi, ya zubar masa da hula a gaban jama'a, yana roƙon gafara. Liman ya fara shirin fatiha.

Yaya bai dubi hular ba. Ya ce, "Ba mu ƙare ba. Kai ka san aikin ga. Hwaɗi gaban mutane, da bakinka: ɗagawar da munka yi ma Mato ba ita ta kassara shi ba. Mota ta kassara shi. Hwaɗi, in ba ka Sahiya yanzu."

Daga bayan ƙyaure ina jin akuyar Hajiya na tuƙa a tsakar gida. Na ce a raina, in ya faɗa, gobe waɗannan direbobin za su fizgo wani su zaunar da shi su ce ai babban pompiye ma ya ce ba komai. In ya ƙi, na rasa shi. Na rasa wanne nake roƙo.

Alkasum ya ɗago. Ya ce, "Alhaji, ban ga Mato kafin a ɗaga shi ba. Ba zan ce hannunka ne ba, ba zan ce ba shi ba ne, don ban sani ba. Abin da na sani, wanda ya ce wuyansa ba a jan sa, ba a zaunar da shi. Kuma in gobe na tarar da kai riƙe da hannun wani yaro a cikin mota, zan sake ture ka, in sake zuwa in tsuguna."

Wani direba ya yi salati. Yaya ya ce ya ɗauki hularsa ya ba shi wuri.

Na tura ƙyauren na shiga. Maza suka yi ta janye ƙafafu kamar wuta ta shigo. Magana ɗaya ce a bakina, na zo da ita a wasa kamar wuƙa: shi bai gani ba, ni na gani, ƙafar Mato tana neman silifas kafin ka kama shi. Na buɗe baki, Yaya ya ɗago muka haɗa ido. Sai na ga abin da ban lura da shi ba duk watannin nan. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Idonsa ya faɗa. Kuma yana kallon bakina da tsoro, tsoron wanda ya san kalmar da za ta fito. Shi ne ya sunkuya a kan Mato, fuskarsa ta fi tawa kusa da ƙafar. Ya gani. Ashe ba hula yake wa kuka ba, wanda zai wanke shi daga laifi yake nema, ya rasa, ya kama aurena ya yi garkuwa da shi.

Na haɗiye wuƙar. Ba don na huce ba, fushina ma ƙaruwa ya yi. Mutum ya ji ciwo a ransa, sai ya nemi mace mafi kusa ya ce ita za ta biya.

Na ce, "Yaya, abin da kake so Ajidan ba shi da shi, ni ma ba ni da shi. Malam, abin da ka hwaɗa mani ranan, shina nan ko an canza?"

Liman ya ce yana nan, amma. Ban jira amman ba. Na juya wajen cikin gida na ɗaga murya yadda nake yi a filin lakwal.

"Nazifi."

Hajiya Amina ta saki wani abu a madafa, na ji ƙararsa. Sai ƙarar sanda a kan siminti, ƙwas, sai jan ƙafa, ƙwas, sai jan ƙafa. Ya shigo, ya gaida mutane. Liman ya yi masa bayani a gajarce yana kallon rufi. Yaron ya dube ni, ya dubi Alkasum. Ya jingina sandar, ya dafa bango, ya sauka a hankali har ya tsuguna gaban kawunsa da ƙafar da ba ta lanƙwasuwa a miƙe gefe. Ya ɗauki ledar hular ya ajiye ta a gefen gwiwar Yaya.

Ya ce, "Kawu, kai ka riƙe ni, ba ni da uban da ya wuce ka. Na hi son ka ba da ita da bakinka. In ba ka iyawa, ni in ba da."

Yaya ya dubi ƙafar nan da aka miƙe a gabansa. Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce, "Ba da. Amma kowa ya kwashe kayanai ya bar mani gida." Ya fita ta ƙofar waje ba tare da takalmi ba, wani ya bi shi da su.

A nan aka ɗaura, a zauren da mai shi ya fice, rabin mutanen sun bi shi, rabi sun zauna don son ganin ƙarshe. Ba guɗa, ba alewa. Ɗana da bakinsa ya ce ya bayar. Ango ya koma bariki, ya turo mesaji: an ɗaura, ki ci abinci.

Washegari da safe ina naɗe kwanukan tangaran cikin tsofaffin zannuwa, ba wanda ya leƙo daga cikin gida, sai na ji sallama. Tsahara ce matar Mato, da ɗan mayafinta da ya koɗe, hannuwanta duk sun tsattsage da wanki. Ta ce ta zo taya ni ɗauri. Muka yi ta aiki, ta danna akwati da gwiwa ina jan igiya. Da muka gama ta zauna a kan akwatin tana kallon tafin hannunta.

Ta ce, "Madam, ke kina wurin. Sa'ad da kunka isa, ƙahwar Mato tana motsi?"

Na yi tunanin buhun geron da ke shiga gidanta. Na yi tunanin yayana da wuyan rigarsa. Na gaji da haɗiye abu.

Na ce, "Tana motsi, Tsahara."

Ba ta yi kuka ba. Ta gyaɗa kai. Ta ce ta sani, Mato ya faɗa mata tun suna asibiti, ya kuma sa ta rantse ba za ta bari Alhaji ya san ya sani ba, don Alhaji ba zai iya ɗauka ba.

Na ce, "To don mi kinka tambaye ni?"

Ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce lokacin juya shi ya yi. A bakin ƙofa ta tsaya.

"So nike in ji wani ya hwaɗe ta da baki, ko sau ɗaya."